Kafin Ki Saya Masa Sandar Sinuka, Ki Tambaye Shi Teburin da Yake Bugawa

 

Yau zan ɗauko zancen da na san wasunku za su ce ina ruwanmu da shi, wato wasan sinuka. Ki ɗan daure ki bi ni. Idan kina da ɗa namiji da ya fara tasawa, kuma a birni kuke zaune, da wuya a rasa teburin sinuka a unguwarku, ko a rumfar bakin titi, ko jikin gidan kallon ƙwallo, ko kusa da shagon aski. Da wuya kuma a ce yaronki bai taɓa riƙe sandar nan ba, ko da saninki ko babu.

To wata rana sai ki ga ya shigo ɗaki ya tsugunna yana sosa ƙeya. "Umma, don Allah in na ci jarrabawar nan ki saya min sandar sinuka tawa ta kaina. Na wurin duk sun karkace, wasu ma ba su da kai." Wata uwar nan take za ta rufe shi da faɗa. Wata kuma za ta buɗe jaka ta miƙa masa kuɗi don ya ƙyale ta ta huta. Ko a bar yaro ya yi wasan ko a hana shi, wannan hukuncin gidanku ne, ke da mahaifinsa. Ni yau ina magana ne da wadda ta riga ta ce za ta saya, da kuma wadda take son ta fahimci abin tukuna kafin ta ce e ko a'a.

Wata maƙwabciyata ta yi wa ɗanta irin wannan alƙawari, kuma ta cika. Ta shiga intanet ta ga sanda doguwa siririya da jakarta, an rubuta ta sinuka ce, ta biya kuɗi masu kauri. Yaro ya yi murna har kwana ya riƙa yi da ita a gefen katifa. Ba a rufa wata guda ba bakin sandar ya tsage, 'yar fatar da ke kai ta fice ta ɓace. Uwa ta ce sakaci ne, yaro ya yi ta rantsuwa bai yi mata komai ba. Sai daga baya aka gane babu laifin yaro, babu na mai sayarwa. Sandar ta sinuka ce ta gaske, amma teburin da yaron yake bugawa ba na sinuka ba ne, ko da yake duk unguwar haka suke kiransa. Ƙwallayen teburin sun fi ƙarfin wannan siririn baki. Tambaya guda ɗaya da ta yi kafin ta biya, da kuɗinta ba su tafi a banza ba.

Abin da ke bakin sandar

Ki karɓi kowace sanda ki duba siririn ƙarshenta. Za ki ga zobe, ko na tagulla mai ruwan zinare ko na farar roba. A kan zoben an manna wata 'yar fata mai kauri, da ƙyar ta kai girman maɓallin riga, galibi shuɗiya ko koriya saboda allin da ake goga mata. Ita ce 'yan wasa suke kira tif, ni kuma zan riƙa ce mata kan sanda. Duk tsawon sandar nan, kusan mita ɗaya da rabi, wannan 'yar fatar ce kaɗai take taɓa ƙwallo. Shi kuwa zoben aikinsa ya riƙe itacen kada bugu ya tsaga shi.

A da can da zallar itace ake dukan ƙwallo, sai a farkon shekarun 1800 wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud ya shahara da manna fata a bakin sanda. Fatar tana riƙe alli, alli kuma yana hana sanda zamewa a jikin ƙwallo mai santsi. Da haka ne mai wasa yake iya bugun farar ƙwallo ta sama ta ci gaba da bin wadda ta daka, ko ta ƙasa ta dawo da baya, ko ta gefe ta yi juyi. In babu fata, ko fatar ta lalace, sai sanda ta zame a ji wani "ƙwas", ƙwallo ta tafi inda ba a aike ta ba.

Faɗin wannan fata da milimita ake auna shi. Don ki samu abin kwatance, ciro batirin rimot. Ƙaramin nan da aka rubuta wa AAA faɗinsa milimita 10.5 ne, babban yayansa AA kuma milimita 14.5. Duk awon da za mu yi magana a kai yau, daga ɗan ƙasa da ƙaramin batirin ne zuwa ɗan ƙasa da babban.

Ba duk abin da muke kira sinuka ne sinuka ba

A nan ne yawancin masu saye suke tuntuɓe. Wasanni uku ne daban-daban, kowanne da girman ƙwallonsa, amma a bakin yaranmu duk sunansu ɗaya.

Na farko shi ne sinuka na asali. Hafsoshin sojan Birtaniya ne suka ƙirƙiro shi a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a 1875, kuma tun 1977 ake buga gasarsa ta duniya a zauren Crucible da ke birnin Sheffield a Ingila. Teburinsa ƙato ne, ƙafa 12 a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, ba kowane falo ne zai ɗauke shi ba. Ƙwallayensa 22 ne: jajaye 15, sai guda shida masu launi daban-daban, sai fara ɗaya. Babu lamba a jikin ko ɗaya. Faɗin kowace ƙwallo milimita 52.5.

Na biyu shi ne pul irin na Amurka. Ƙwallayensa suna da lamba daga 1 zuwa 15. Daga 1 zuwa 7 launi ya rufe su gaba ɗaya, daga 9 zuwa 15 farare ne da ratsin launi a tsakiya, lamba 8 kuma baƙa ce. Su ne manya, faɗinsu ya ɗan haura milimita 57, kuma sun fi nauyi. Ta sinuka wajen giram 140 take, ta pul ɗin Amurka kuwa tana kai giram 160 zuwa 170.

Na uku shi ne pul irin na Ingila. Jajaye bakwai, masu ruwan ɗorawa bakwai, da baƙa ɗaya. Su ne ƙanana, milimita 50.8, farar ma ta fi sauran ƙanƙanta.

Idan kin leƙa rumfunan unguwanninmu, abin da za ki fi gani shi ne ƙaramin tebur da ƙwallaye masu lamba, wato pul ake bugawa ana kiransa sinuka. Sinuka na asali sai dai a wasu kulob-kulob da manyan otal. Sai dai a nan ma da sauran magana, domin ƙwallaye masu lamba ana yin su manya, ana kuma yin su ƙanana daidai da na Ingila. Ganin lamba kaɗai bai isa ba, sai an auna.

Awon kuwa babu wuya. Ki ba shi tef ɗinki na ɗinki ya zagaya cikin ƙwallo ɗaya mai launi, daidai tsakiya. Idan ya samu wajen santimita 18, babbar ƙwallon Amurka ce. Idan 16 da rabi ne, ta sinuka ce. Idan 16 ne, ƙaramar ce irin ta Ingila. In babu tef, zare ma ya isa, ya zagaya ya yi alama ya kawo miki ki ɗora a kan rula. Ya haɗa miki da hoton teburin a waya.

Wane kai ne na wace ƙwallo

Ƙa'idar guda ce: kan sanda yana bin girman ƙwallo.

- Sinuka na asali: milimita 9 zuwa 10. Mafi yawan sandunan kasuwa 9.5 ne ko 10.
- Pul na Ingila da sauran ƙananan ƙwallaye: milimita 8 zuwa 9, ko da yake sandar sinuka mai 9.5 ma za ta yi aiki lafiya.
- Pul na Amurka: milimita 12 zuwa 13.

Dalilin a fili yake. Babbar ƙwallo mai nauyi tana bukatar baki mai kauri da zai jure, musamman a bugun farko da ake tarwatsa ƙwallaye da ƙarfi. Wannan bugun ne ya kashe sandar ɗan maƙwabciyata. Ki kwatanta da wadda ta ɗauki muciya siririya ta miya ta ce za ta tuƙa tuwon gidan biki da ita. Za ta yi sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai ta karye a hannunta.

Haka nan idan aka juya, aka kawo sanda mai kai 13 kan teburin sinuka na asali, ba za ta karye ba, amma za ta hana yaro koyo. Kaurin bakin yana tare masa ganin daidai wurin da zai taɓa a jikin ƙaramar ƙwallo. Ramukan teburin sinuka kuma matsattsu ne, teburin ga tsawo, kuskure kaɗan a nan kusa yana zama babba kafin ƙwallo ta isa can ƙarshe.

Tara da rabi ko goma?

A ce kin tabbatar sinuka na asali yake bugawa. Yanzu zai zo miki da maganar da ya ji a wurin manyan 'yan wasan kulob, cewa gwanaye da siririn kai suke bugawa, don haka shi ma 9 yake so. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Siririn kai yana ba mai wasa damar ganin wurin bugu sosai, ya sauka can ƙasan farar ƙwallo ko ya matsa can gefenta. Amma wannan amfani sai ga wanda hannunsa ya riga ya zauna, wanda sandarsa take tafiya a miƙe ta dawo a miƙe. Mai koyo hannunsa rawa yake yi. Shi abin da yake bukata shi ne ya iya bugun tsakiyar farar ƙwallo sau ɗari ba tare da ta karkace ba, kuma baki mai ɗan faɗi ya fi ba shi natsuwar yin haka. Siririn baki kuma ya fi saurin lalacewa a hannun yaron da yake ganin ƙarfi shi ne gwaninta.

Saboda haka ga mai fara koyo, ki ɗauki 10 ko 9.5. Akwai kuma dalilin da ya shafi aljihunki. Sanda mai kauri, in ya ƙware nan gaba, mai gyaran sanduna zai iya rage ta ya sa mata ƙaramin zobe. Siririya kuwa babu mai iya ƙara mata kauri, sai dai a sayi wata. Kamar yadi ne a hannun tela, ana iya ragewa, amma wanda aka riga aka yanke ya yanku.

Ga mai buga pul da manyan ƙwallaye shawarar ɗaya ce, ya fara da 13 ko kusa da shi.

Kada kuma ki bari rabin milimita ya zama abin jayayya a gida. Tsakanin 9.5 da 10 babu abin da zai mayar da mai koyo gwani. Stephen Hendry na ƙasar Sikotland yana ɗan shekara 12 aka saya masa ƙaramin tebur a gida. A 1990 ya zama zakaran duniya yana da shekara 21, kuma sau bakwai ya ci wannan gasa. Duk da sanda guda mai araha ya yi wannan aiki, wadda ya samu tun yana yaro, kuma bai rabu da ita ba sai da ta karye a cikin kayan jirgin sama a 2003. Hannu sabo yake yi da sanda ɗaya. Yaron da yake canza sanda duk bayan wata uku, kullum daga farko yake farawa.

Taushi, tauri, da irin fatar

Bayan faɗi, akwai taurin fatar. Mai taushi ta fi riƙe alli, amma tana saurin bajewa, gefenta ya fito kamar naman kaza, sai an riƙa gyara ta. Mai tauri ta fi daɗewa da riƙe siffarta, amma ta fi saurin yin santsi, sanda ta riƙa zamewa in ba a goga alli da kyau ba. Ga mai koyo, mai taushi ko matsakaiciya ta isa. Sunan da za ki fi ji a bakin 'yan sinuka shi ne Elk Master, tsohon samfuri ne mai araha, kuma manyan 'yan wasa da yawa sun yi amfani da shi.

Akwai wani abu da ba kasafai masu sayarwa suke faɗa ba in ba a tambaya ba. Kan sanda iri biyu ne: akwai wanda aka yanko daga fata guda aka matse, akwai kuma mai hawa-hawa, wanda aka jera siraran fatu aka manne su. Mai hawa-hawa ya fi tsada, kuma da yawansa da fatar alade ake yi, kamfanonin ma suna rubutawa a bayanin kayan. Idan wannan abin dubawa ne a gidanki, ki sa a karanta kwalin ko a tambayi mai kaya kafin a biya. Mai koyo dama ba ya bukatar mai tsadar.

Za ki kuma ci karo da sanduna masu araha sosai waɗanda kansu ɗaurawa ake yi kamar noti. Sun dace da ƙaramin teburin wasan yara a gida, domin in kan ya lalace kwancewa kawai za a yi a ɗaura wani. Amma ga wanda yake son ya koyi wasan da gaske, kan yakan saki ya riƙa girgiɗi. Wanda aka manna da gam a kan zobe ya fi.

Ranar saye

In da hali, ku je tare, ko ki haɗa shi da yayansa ko kawunsa. Gani ya kori ji. Ga abin da za a duba:

Na ɗaya, a auna faɗin zoben da rula, kada a tsaya ga abin da mai kaya ya faɗa da baki. In ta intanet za ki saya, ki nemi inda aka rubuta awon kai da milimita. In ba a rubuta ba, ki tambaya. In ba a ba ki amsa ba, ki wuce.

Na biyu, tsawo. Sandar manya inci 57 zuwa 58 ce, wato wajen santimita 145. Yaro ɗan shekara tara ko goma ba zai iya sarrafa ta ba, akwai gajeru masu inci 48 da 52 dominsa. A tsayar da sandar a ƙasa kusa da shi, in bakinta ya tsaya daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, ta yi masa.

Na uku, nauyi. Sandar sinuka ta manya takan kai wajen rabin kilo. Ya riƙe ta ya sunkuya kamar zai buga, ya ji ko tana rinjayar hannunsa.

Na huɗu, miƙewa. Ya ɗaga gindin sandar zuwa idonsa, ya hango bakinta, ya riƙa juya ta a hankali. In ta karkace zai ga bakin yana lilo. Mirgina ta a kan tebur yana aiki ga sandar pul, amma sandar sinuka galibi an shafce gefe ɗaya na gindinta, saboda haka mirginawa tana iya ruɗar mutum.

Na biyar, a duba zoben da kyau, kada ya kasance da tsaga ko yana motsi. In mai gaɓa ce da ake haɗawa, a ɗaura a girgiza a ji ko tana ƙara.

Ki haɗa masa da alli guda biyu da kai na canji guda biyu ko uku. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma su ne za su hana a dawo miki da zancen sabuwar sanda. Kan canji a sayi wanda ya ɗan fi zoben faɗi, in zobe 9.5 ne a ɗauki 10, in 10 ne a ɗauki 11, domin bayan an manna ake datse shi ya yi daidai.

Kan ya lalace ba sanda ce ta mutu ba

Wannan fatar cinyewa take yi kamar ƙasan takalmi. In ta yi sumul tana ƙyalli, a ɗan goga mata sanfefa ta sake kama alli. Samanta ya kasance da ɗan tudu kamar bayan faifai, kada ya baje. In kuwa ta cinye har ta kusa taɓa zobe, a canza ta nan da nan, domin bugu da ragowar fata shi yake fasa zobe ya tsaga itace.

Canjin aikin minti kaɗan ne. A yanke tsohuwar da reza, a kankare tsohon gam har saman ya yi daidai. A goga ƙasan sabuwar a kan sanfefa ta ɗan yi kaushi, a ɗiga sufa gulu kaɗan, a ɗora a tsakiya a danne na minti ɗaya, a bar ta ta bushe. Sannan a kifa bakin sandar a kan katako a datse abin da ya fito ta gefe, a gyara tudun da sanfefa daga tsakiya zuwa gefe. Aikin reza a bar wa babba. Kuma kada a goga sanfefa a jikin itacen, domin kowace guga rage kaurin sandar take yi.

Itacen kansa yana jin yanayi. Bushewar hunturu da danshin damina duk suna taɓa shi. Sandar da aka jingina a bango aka bari kwana da kwanaki lanƙwashewa take yi, haka wadda aka manta a rana ko a cikin mota. A ajiye ta a jakarta a kwance, a wuri mai inuwa, kuma can sama inda hannun ƙannensa ba zai kai ba. In ba haka ba, kin san sauran, yau doki ce, gobe takobi, jibi an tafi zungurar mangwaro da ita.

Tambayar da ta fi awon muhimmanci

Kin lura cewa babu yadda za a yi ki san kan da ya dace sai kin san ƙwallon, kuma ba za ki san ƙwallon ba sai kin san teburin. Teburin nan kuwa a wani wuri yake, yana da mai shi, yana da masu zama a gefensa.

Da a ce kai tsaye kika tare shi da "Ina kake zuwa kullum da yamma?", kin san amsar da za ki samu: "Nan ne fa Umma, ba nisa." Amma in kika ce, "Ƙwallayen wurin naku masu lamba ne ko jajaye? Ɗauko min hoton teburin in ga irin sandar da za ta yi maka," sai ki ga baki ya buɗe. Yaro yana son a tambaye shi abin da ya iya. Daga nan za ki ji wa yake koya masa, su wa yake bugawa da su, nawa ake biya a kowane wasa, ƙarfe nawa ake tashi. Hoton ma kansa zai nuna miki abin da baki bai faɗa ba.

Wasan a karan kansa na natsuwa ne da lissafi. A sinuka na asali ja maki ɗaya ce, baƙa bakwai, kuma mai wasa yana ƙirga maki a ka yana kuma tunanin inda farar ƙwallo za ta tsaya bayan bugu biyu ko uku. Ba na maza kaɗai ba ne ma, Reanne Evans ta Ingila sau 12 ta ci gasar duniya ta mata. Abin da yake ɓata shi a wurinmu shi ne abin da yake kewaye da wasu teburan. A wurare da yawa wanda aka cinye shi yake biyan kuɗin tebur, daga nan kuma taku ɗaya ne zuwa a ce kowa ya ajiye kuɗi wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Wasu rumfunan kuma matattarar masu shaye-shaye ce, wasu a buɗe suke a lokacin da ya kamata yaro yana aji ko yana masallaci. Akwai kuma wuraren da masu su suke da tsari, ba sa barin ɗan makaranta da kayan makaranta, ba sa barin a sa kuɗi. Ba za ki san wanne ne na ɗanki ba sai kin bincika, ko kin tura wanda kika yarda da shi ya leƙa.

Tunda ke za ki sayi sandar, kina da bakin sa sharaɗi, kuma tun kafin a biya kuɗi ake sa shi. Sandar a gida take kwana. Ba a fita da ita sai an gama aikin makaranta. Kiran sallar magariba ya same shi a gida. Ranar da kika ji an sa kuɗi a wasa, sanda ta koma ɗakinki. Ki faɗa a gaban mahaifinsa don magana ta zama ɗaya. In kuwa binciken ya nuna miki wurin ba na zuwa ba ne, to kin samu dalilin da za ki faɗa masa a fili, kuma sai a nemi wani wurin, ko a yi tunanin ƙaramin tebur a gida in da hali da fili. Ki tuna dai tebur yana bukatar sarari daidai tsawon sanda ta kowane gefe, kada a kai shi ɗakin da gindin sanda zai riƙa dukan bango.

Ita maƙwabciyar tawa, da aka gane inda matsalar take, ba ta sake sayen mai tsada ba. Ta samo masa mai kai 13 a kasuwa, ƙanenta ya raka shi suka zaɓo. Ta ce min ribar da ta ci a asarar farko ita ce yanzu ta san rumfar, ta san mai rumfar, har lambarsa tana cikin wayarta.

Ke fa uwargida, ya abin yake a gidanki? Kin bari, ko kin hana, ko sai yau kika fara tunanin ki tambaya? Wadda ta taɓa saya kuma, ta faɗa mana awon da ta ɗauka da yadda ta kaya, don 'yan'uwa su ƙaru. Ina jiran ku a ƙasa wurin tsokaci.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya raba su da mugayen abokai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.